Me ya sa hanyar tseren Monako take wahalar da direbobi?

Tambaya: Ina yawan jin masu sharhi suna cewa hanyar tseren Monako ce mafi wuya a gasar tseren motoci ta Formula 1, alhali ina ganin motocin ba sa gudu a can kamar yadda suke yi a Monza ta ƙasar Italiya. To, ina wahalar take?

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne. Monako ce hanyar da motoci suka fi tafiya a hankali a gasar, kuma ita ce mafi gajarta, domin zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne mai kwana 19, ana kuma zagayawa sau 78. Wahalar tana cikin ƙuncin hanyar. Tun shekarar 1929 da Antony Noghès ya shirya tseren farko, a kan titunan cikin gari ake yinsa, waɗanda aka shimfiɗa tsakanin dutse da teku domin zirga-zirgar jama'a. A filayen da aka gina musamman don tsere, idan direba ya makara wajen taka birki akwai faffaɗan fili na kwalta ko tsakuwa da zai karɓe shi, amma a Monako, in ban da 'yan wurare kaɗan, shingen ƙarfe ne a bakin titi hagu da dama, kuma wanda yake son ya yi sauri dole ne ya bi kusa da shi har tayarsa ta riƙa shafarsa.

Da an tashi, kwanar farko ita ce Sainte Dévote, inda motoci kan cunkushe, daga nan sai hawa mai tsawo zuwa dandalin Casino. Bayan Casino hanya tana gangarowa zuwa Mirabeau, kuma a wannan gangaren akwai wani tudu a kan kwalta wanda za ka ga direbobi suna karkata gefe don su kauce masa, saboda motar tsere ƙasa-ƙasa take, idan ta hau shi sai ta yi tsalle ta ƙwace wa direba. A ƙasa kaɗan ne ake samun lanƙwasar gaban otal ɗin Fairmont, wadda ita ce kwana mafi jinkiri a Formula 1, ana bin ta da gudun da bai wuce kilomita 50 a sa'a ba. Tsananin lanƙwasarta ya sa makanikai sukan gyara sitiyarin motar musamman domin wannan tsere, don tayoyin gaba su iya juyawa fiye da yadda suka saba, direba kuma yana murɗa sitiyarin har hannayensa su gitta.

Wurin da ni nake ganin ya fi gwada direba shi ne abin da ke biye. Daga kwanar Portier mota tana shiga hanyar da ta ratsa ƙarƙashin otal, wadda ita kanta a lanƙwashe take, ana kuma taka totur a cikinta har gudu ya haura kilomita 250 a sa'a. Direba ya shiga duhu daga hasken rana, ya sake faɗowa cikin haske kafin idonsa ya daidaita, a daidai lokacin kuma sai ya taka birki da ƙarfi a kan gangara domin kwana biyun da ke bakin tashar jiragen ruwa. A nan ne motar Alberto Ascari ta faɗa cikin ruwa a 1955, a nan ne kuma Lorenzo Bandini ya yi hatsarin da ya zama ajalinsa a 1967. Sauran zagayen, daga Tabac zuwa gefen wurin ninƙaya har Rascasse, kwana ce bayan kwana.

Saboda babu miƙaƙƙiyar hanya mai tsawo da mutum zai numfasa, hankali ne yake fara gajiya kafin jiki. Ayrton Senna, wanda ya ci wannan tsere sau 6, fiye da kowa, yana kan gaba da tazara mai yawa a 1988 lokacin da ya ɗan saki jiki ya daki shinge a Portier a zagaye na 67. Idan aka yi ruwan sama abin ya fi muni, domin fentin da ke kan titi yana da santsi. A 1996 motoci 3 kaɗai suka kai ƙarshe, Olivier Panis ya yi nasara.

Wannan ƙuncin ne kuma ya sa wuce mota yake kusan gagara. A 1992 Nigel Mansell, da sababbin tayoyi da mota mafi sauri, ya bi Senna a zagayen ƙarshe-ƙarshe yana neman kafa ta hagu da ta dama, bai samu ba. Da aka faɗaɗa motocin zuwa mita 2 a 2017 sai matsalar ta ƙaru. Shi ya sa nake ba ka shawarar ka riƙa kallon gwajin neman gurbi na ranar Asabar, wanda da shi ake tantance jerin da motoci za su tashi a ranar tsere, domin a ranar ce direba yake zuba dukkan ƙwarewarsa a zagaye ɗaya. Masu shirya gasar sun san da wannan damuwa, har suka wajabta tsayawa sau biyu don canza taya a tseren 2025, amma duk da haka Lando Norris da ya tashi daga gurbin farko shi ne ya ci.