Haƙoran Hajiya na ƙasa sai rawa suke: a liƙa ko a yi dashe?

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 67, ba ta da haƙori ko ɗaya a ƙasa. Na robar da aka yi mata ba sa zama, har ta daina cin abinci a gaban mutane. Maƙwabciyarmu ta ce a liƙa su da sufa gulu, ni kuma na ji ana dashe. Ya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Haƙoran roba na sama suna manne wa ganda su zauna. Na ƙasa ba su da abin kamawa: harshe na ture su, ƙashin muƙamuƙi kuma tun da aka cire haƙora yake zaizayewa.

Dashe na maganin wannan. Ana kafa ƙusoshi biyu na titaniyam ta gaban muƙamuƙin ƙasa, a jira kamar wata uku ƙashi ya kama su, sannan a sa musu kawuna da haƙoran za su riƙa shiga ƙaras, kamar maɓallin riga. Tun 2002 masana da suka taru a Jami'ar McGill ta Kanada suka ce wannan ya kamata a fara ba wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka. Sai dai a ɗauki hoton ƙashin tukuna, a kuma gaya wa likita in tana da ciwon suga ko tana shan maganin ƙarfafa ƙashi.

Maganar sufa gulu kuwa, don Allah kada ku kuskura. Na gaji da ganin wannan ɓarna. An taɓa kawo mini wani dattijo da ya yi makonni yana ɗiga wa haƙoransa gam. Kafin ya buɗe baki wari ya riga ya cika ɗakin. Da muka cire, dasashin ja wur kamar ɗanyen nama, ga guntun tuwo ya ruɓe a ƙarƙashi. Gam ɗin nan yana ƙona fatar baki lokacin da yake bushewa, ya daskare ya yi kaifi yana gurzar dasashi, ya lalata haƙoran yadda ba sa gyaruwa. Su kuma masu sa haƙori a kasuwa da ke alkawarin "ba sai kin ƙara cirewa ba", wa ya gaya musu rashin cirewar alheri ne? Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyambon da ke ɓoye a ƙasa. Miki a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba dole a duba shi, don kansar baki kan iya farawa haka. Ta yaya za a gan shi an liƙe kansa?

Ko an yi dashen ma, kullum da dare Hajiya za ta cire haƙoran ta wanke, ta goge kewayen ƙusoshin da burushi mai laushi, in ba haka ba kumburi ya cinye ƙashin da ke riƙe da su. 'Yan robobin maɓallan kuma suna saki, ana canza su lokaci-lokaci.

Ki kai ta asibitin haƙori a wannan makon. Wani lokacin cike cikin haƙoran da take da su kaɗai zai rage rawar, kafin ku haɗa kuɗin dashe.