Baba ya rasu, ina tsoron jikokinsa su tashi ba su san shi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Babanmu ya rasu wata bakwai ke nan. Mutum ne da in ba ya gida tare da mu to yana daji ko bakin ruwa, farauta, kamun kifi, dashen itatuwa, amma duk gajiyar da ya kwaso bai taɓa kwanciya bai zauna ya ji damuwar kowannenmu ba. Yanzu kayansa na nan jibge a ɗaki, fatsa, koma, tsohuwar bindiga, takalman da suka sha tafiya, ga hotuna cikin leda. Yarana ƙanana ne, babban shekararsa 6. Ya zan yi su san waye kakansu? Daga 'yarsa ta biyu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙuri.

Kin fara lissafa min kayan ɗaki, ni kuwa ba ta nan zan fara ba, don kaya za su jira ki ko shekara goma ne. Waɗanda ba za su jira ki ba su ne abokan tafiyarsa. Kin ga mutumin daji yawancin labarinsa ba a gida ya faru ba, ku kun san Baba mai dawowa da yamma, su kuma sun san wanda ya ɓata hanya da dare ya duba kaza da 'ya'yanta a sama ya gane gabas, sun san ranar da kifi ya tsinke masa zare ya yi ta mita har gida, kuma su ma tsufa suke yi. Ki je ki gaishe su a wannan watan, ki nemi izini ki kunna rikodin a waya ki ajiye gefe. Kar ki ce "wane irin mutum ne Baba", za su ce mutumin kirki ne shi ke nan hira ta mutu. Ki ɗauki fatsar nan ki miƙa wa tsoho, ki ce Baba a ina ya fi jefa wannan? Wallahi sai kin gaji da saurare. Ki yi wa mahaifiyarku haka ita ma, amma a hankali, sai ranar da kika ga ta sake.

Hotuna kuma dan Allah ki fitar da su daga ledar nan, danshi na manna su da juna. Kar a yi musu laminetin, zafi da gam na lalata hoto kuma ba ya ciruwa. A yi sikanin ɗinsu, aƙalla 300 dpi (ma'aunin kyawun fitar hoto a sikanin), ki rubuta sunaye da shekara a baya da fensir ba biro ba. In za ki tura wa 'yan'uwa a WhatsApp ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage ingancin hoton. Ki ajiye a wuri biyu ko uku, waya ɓata take yi.

Bindiga dai ba abin ado ba ce a gidan da ke da yara. Lasisi da sunan mai ita yake, ba a gadonsa, ku kulle ta ku tuntuɓi hukuma.

Sai yaran. Ɗan shekara 6 ba zai riƙe dogon tarihi ba, abin da hannunsa ya taɓa shi yake riƙewa. Ki fita da su, ko kawunsu ya fita da su, a nuna musu sawun zomo a ƙasa, a ce kakanku ne ya koya min wannan. Tunda mai dashe ne, ku dasa itace tare, mangwaro mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 5, kuka kuwa tana iya haura shekara 1,000, ga kuma hadisin da ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi. Ki ba babban yaron aikin ban ruwa, zai yi ta zuba wa kansa rabi, ba komai.

Takalman nan kuma kar ki wanke su tukuna. Ki bar yaron ya zura ƙafarsa ciki ya ja su a tsakar gida, da kansa zai tambaye ki ina Kaka ya je da su.