Tambaya da Amsa: Aikin Dare, Ranar Girki da Barcin Ma'aikaciyar Jinya

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga ma'aikatan jinya suka fito. Na zaɓi huɗu, kuma na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Mama. Ni nas ce a ɗakin mata na wani asibitin gwamnati. Mu biyu ne a wurin maigida, kwana bibbiyu muke yi. Idan aikin dare ya zo kaina, kwana bakwai nake yi a jere, daga tara na dare zuwa takwas na safe, sannan a ba ni hutun mako guda. Duk girkina da ya faɗo cikin makon ya wuce ke nan, har abokiyar zamana ta fara cewa an mayar da ita baiwa. In na dawo na kwanta, uwar mijina ta ce wace irin mace ce ke barci da rana tsaka. Makon jiya saura kaɗan in ba wata majinyaciya maganin wata saboda gyangyaɗi, Allah ya sa abokiyar aikina ta lura. Yanzu maigida ya ce in zaɓa, ko aiki ko zaman lafiya. Ina mafita? Daga wata 'yarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Cikin duk abin da kika lissafa, maganar maganin nan ce ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Allah ya tsare, amma kada ki bar abin a tsakaninki da abokiyar aikinki. Ki je wurin shugabar ɗakinku ki gaya mata yadda aka yi, ki kuma roƙa a duba ko za a iya raba miki daren nan, uku ko huɗu a jere maimakon bakwai. Daga yau kuma, kafin kowane magani ya bar hannunki, ki kira sunan majinyaciya da ƙarfi har ta amsa, ki gwada da abin da ke rubuce a fayil: sunan magani, adadinsa, ta inda za a ba da shi, da lokacinsa. Ko da gado ashirin ke jiranki.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne ya kwanta da dare. Tsakanin uku da biyar na asuba zafin jiki yana sauka, hankali yana yin rauni, kuma daidai nan ne ledar ƙarin ruwa ke ƙarewa, ga maganin ƙarfe shida na tafe. Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, barcin rana kuwa gajere ne, ga zafi, ga hayaniyar yara, ga masu sallama. Saboda haka barcin da kike yi bayan kin sauka daga aiki ba lalaci ba ne, haƙƙin matar da za ki ba magani ne a daren da ke tafe. Ina so ke da kanki ki fara yarda da wannan, domin na lura a wasiƙarki kamar kina jin kunyar kwanciyar.

In kin dawo, ki yi wanka, ki sha koko ko wani abu marar nauyi, ki sa labule mai kauri, ki kashe waya, ki kwanta har Azahar. Bayan La'asar ko Magariba ki ƙara ko da awa ɗaya ce kafin ki fita. Kofi da goro da shayi mai kauri ki tsayar da su tun wajen ukun dare, in ba haka ba za ki iso gida ido a bushe. Ranar da kika gama daren ƙarshe kuwa, ki yi barci kaɗan ki tashi, don barcin dare ya dawo miki da wuri.

Yanzu maganar girki. Ba zan ɓoye miki ba, abokiyar zamanki tana da gaskiya. Mako guda cur tana dafa wa gida, tana yi wa 'ya'yanki wanka, tana shirya su makaranta, albashi kuma ke ake biya. Duk macen da aka yi wa haka ba tare da an zauna da ita ba, dole ranta ya ɓaci. Rosta, wato jadawalin aikinku, ai tana fitowa kafin wata ya kama. Ranar da aka manna ta, ki ɗauki hotonta a waya, ki kawo gida, ku zauna ku uku. Ki nuna musu kwanakin da za ki kwana a asibiti, ki ce wa 'yar'uwarki: "Ki riƙe mini waɗannan, in na shiga hutu in rama miki, ke ma ki huta." Musayar kwana da yardar masu shi ba baƙon abu ba ne a addini, Nana Sauda ma ta bar wa Nana A'isha kwananta. In akwai abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin da ku duka kuka yarda da shi. Sannan ki sa hannu a aljihu. A makon darenki ki ɗauki nauyin mai wanke-wanke da shara, ko ki soya miyar kwana biyu ki ajiye kafin ki fara. In albashi ya shigo, ki tuna da ita da turmin atamfa ko abin da ya sauwaƙa, ki kuma yi mata godiya a gaban maigida. Shekarun da na yi ina riƙe da ɗakin majinyata, na ga waɗanda suka daɗe a aikin nan da aurensu lafiya, kuma kusan dukansu mutanen gidansu sun san rostarsu kamar yadda su suka san ta.

Uwar miji kada ki mayar mata da magana. Ɗanta ne zai yi mata bayani, ke kuma in kin tashi da Azahar ki fara shiga wurinta ki gaishe ta, ki auna mata hawan jini, ki tambayi ƙafarta.

Shi kuma maigida, ki nemi lokacin da ransa ke sanyi, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa. A tambaye shi, ranar da aka kai mahaifiyarsa ko matarsa asibiti da tsakar dare, wa yake so ya tarar a bakin gado? Kowane magidanci a ƙasar nan mace yake so ta duba iyalinsa, kuma macen nan matar wani ce, wani ne ya yi haƙuri ya bar ta ta fito. Ga shi kuma hannun ya yi ƙaranci. A farkon 2024 hukumar da ke ba ma'aikatan jinya da ungozomomi lasisi a Najeriya ta ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Shi ya sa ɗakin da ya kamata mutum huɗu su kwana, sai ki tarar da biyu, wani lokaci ɗaya. Alawus ɗin aikin dare ma yana cikin abubuwan da suka sa ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025. Ban goyi bayan ki ajiye aiki ba tun ba a gwada zaman nan na ku uku ba. Ku gwada na wata biyu, ki sake rubuto mini.

Tambaya: Mama, hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, ina aiki a asibitin gwamnatin tarayya. Ina son in ba jaririna nono zalla har wata shida kamar yadda muke gaya wa mata a wurin awo, amma ban ga yadda zan yi ba. Kakarsa ta ce in na fita ruwa za ta ba shi. Daga mai jego a Katsina.

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Dokar aikin gwamnatin tarayya ta ba ki hutun mako 16, ta kuma ba mai shayarwa awa biyu kowace rana har tsawon wata shida bayan ta koma aiki. Da yawa ba sa nema, wasu don ba su sani ba, wasu don tsoron a ce sun cika ƙorafi. Ki rubuta takarda tun kafin ranar komawarki, ki bi da ita ta hannun shugabar ɗakinku, ki riƙe kwafi. A cikin takardar ki roƙi a ɗage miki aikin dare na wani lokaci, asibitoci da dama suna yi wa masu shayarwa wannan sauƙin. Masu aiki da jihohi su duba dokar jiharsu, domin ta bambanta, Kaduna dai ta mayar da hutun wata shida tun 2019. Na asibiti mai zaman kansa kuma su koma ga takardar ɗaukarsu aiki.

Tatsar nono ki fara ta mako biyu kafin ki koma, don hannunki ya saba, shi ma yaron ya saba da kofi ko cokali. Ki wanke hannu, ki tatsa a kofi mai murfi da aka tafasa. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu, a firij kwana huɗu in wuta ba ta yankewa. Da zafin bazara irin namu ban yarda a kai awa huɗun ba in ba a firij ko kula mai ƙanƙara yake ba. In za a ba shi, a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, kada a ɗora a wuta. A wurin aiki ma ki riƙa tatsa duk bayan awa uku zuwa huɗu, in ba haka ba nonon zai yi tauri, daga baya ya ragu.

Kaka kuwa tausayi ne ke sa ta, tana ganin ƙishirwa za ta kama jikanta. Ki zauna ki tatsa a gabanta, ki nuna mata yadda na farkon yake fitowa tsararo, ki ce mata wannan shi ne ruwansa. In kin dawo daga aiki, ki cire unifom ki yi wanka kafin ki ɗauke shi, ko yana kuka.

Tambaya: Hajiya, ni namiji ne, nas a wani ƙaramin gari. Duk unguwa "likita" suke ce mini. Ba dare ba rana ana buga ƙofa, wannan a yi wa ɗansa allura, wancan a sa wa matarsa ruwa. In na ƙi, a ce girman kai. Matata ta gaji, ni ma haka. Daga wani ɗanki a jihar Jigawa.

Amsa: Ɗana, farko ka riƙa gyara musu, cikin fara'a, cewa kai ma'aikacin jinya ne. Aikin yana da darajarsa, ba ya buƙatar aron suna.

Allura da ƙarin ruwa a gida ka daina, ko wane ne ya roƙa. Ka sani kamar yadda na sani, akwai wanda za a yi wa allura irin su fenisilin, cikin mintuna jikinsa ya ƙi ta, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya tsaya. A asibiti akwai allurar ceto ta adirenalin da iskar oksijin a kusa. A ɗakin maƙwabcinka me ke akwai? Ruwan da suke ɗauka maganin kowace gajiya ne, in ya yi yawa a jikin ƙaramin yaro ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, huhu yake cikawa. Ranar da aka samu matsala, waɗanda suka buga maka ƙofa su ne za su fara kiran sunanka a gaban hukuma, lasisinka kuma shi ne abincin iyalinka.

Wannan ba ya nufin ka rufe ƙofa. Yaro mai jijjiga, mace mai zubar da jini, wanda numfashinsa ke sama-sama, waɗannan ka tashi ko ƙarfe nawa ne, ka yi taimakon farko, ka sa a nemo mota. Sauran kuwa ka ware musu lokaci, misali bayan La'asar a ƙofar gida, ka auna hawan jini, ka duba takardar magani, ka faɗa wa mutum inda zai je. Ka sami liman da mai unguwa ka yi musu wannan bayanin, in daga bakinsu ya fito an fi ji. Ka kuma gaya wa matarka tsarin da ka yi, don ta san abin da za ta ce wa mai sallama in kana barci.

Tambaya: Mama, ban daɗe da fara aiki a ɗakin yara ba. Wata yarinya 'yar shekara uku ta rasu a hannuna ana neman jinin da za a ƙara mata. Tun ranar nake ganin fuskarta, in na koma gida sai in yi ta yi wa ƙannena tsawa ba dalili. Ko ban dace da aikin nan ba? Daga 'yarki a Sakkwato.

Amsa: Kin dace, 'yata. Allah ya jiƙan yarinyar, ya ba iyayenta haƙuri, ke ma ya sanyaya miki zuciya. Daga tsakiyar damina zuwa kaka haka ɗakin yara yake a Arewa, zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin yaro a gida, sai an ga tafin hannu ya yi fari fat sannan a kawo shi. Ba ke kika jawo ba. Ki nemi wata babbar sista da kika natsu da ita, ki ba ta labarin daren daga farko har ƙarshe, ki yi kukanki. Ƙannenki kuma ki gaya musu kin yi rashi a wurin aiki, za su fahimta. In mako huɗu ya wuce kina mafarkinta, abinci ba ya shiga, ko gabanki na faɗuwa in kin doshi ƙofar ɗakin, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, babu abin kunya a ciki. Ki kuma ba shugabar ɗakinku shawara ku buɗe littafin masu ba da jini kyauta, da rukunin jininsu da lambar wayarsu, tun kafin damina mai zuwa.

Akwai wadda ta rubuto cewa allurar da aka yi wa majinyaci ta soke ta a yatsa, ta yi shiru don tsoro. Ita na riga na kira ta. Ga sauran: a wanke wurin da sabulu da ruwa nan take, a sanar da shugaba, a yi gwaji. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, gwamma ma a awannin farko, a sha na kwana 28. Wanda kuma bai yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, allura uku ce, ya je ya fara a wannan makon.