Ganuwa, badala da gwalalo a Ƙal'atul Hisn

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko mana da hoton Ƙal'atul Hisn ta ƙasar Siriya, wadda Turawa ke kira Krak des Chevaliers. Yana tambaya: birni za a kira ta, ko sansani, ko ganuwa? Kuma ko karin maganar nan "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" ta dace da yadda aka ci ta?

Ɗalibi, birni gari ne mai ganuwa, da kasuwa da unguwanni da iyalai, irin Kano da Zazzau. Wannan kuwa a zamaninta mazaunin mayaƙa ce a kan tsauni mai tsayin kusan mita 650, yamma da birnin Homs, tana tsare hanyar da ta bi zuwa bakin teku. Sansani kuma a kan kafa shi a tashe shi. Mafi kusa ita ce ribaɗi, irin wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno don tsaron iyaka, ko a ce "ganuwar tsauni".

Sassanta kuwa duk muna da sunayensu, abin da ke faranta mana rai ke nan. Ganuwa biyu gare ta, ta ciki ta fi ta waje tsayi, don maharban ciki su riƙa harbi ta saman kawunan 'yan uwansu. Wurin da mai tsaro ke tsayawa a bayan ganuwa shi ne badala, kalmar da yaran yanzu suka fara mantawa. Ramin da ke kewaye ganuwa kuma gwalalo ne. A kudancin wannan ƙal'a an mai da gwalalon tafki tsakanin ganuwar biyu, ana janyo masa ruwa daga waje, ya zama shinge kuma mashayar dawakai. Gindin ganuwar ciki an yi masa gangare da dutse mai kauri, yadda tsani ba zai zauna ba, girgizar ƙasa ma ba ta saurin kayar da shi. Dalili ke nan, domin girgizar 1170 ta yi wa ginin ɓarna sosai. Hanyar shiga rufaffiya ce, tana hawa tana yin kwana, mai doki dole ya rage gudu a ƙarƙashin ramukan da ake sako masa duwatsu.

Batun karin magana: Hausawa kan faɗe ta idan saɓani ya shiga tsakanin 'yan uwa har bare ya sami kafa. A nan ta dace ta fuska biyu. Mayaƙan Hospitaller, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Turawa, sun riƙe wurin tun 1142. A watan Maris na 1271 Sarki Baibars na Masar ya kewaye shi, masu haƙa suka yi rami ƙarƙashin wata hasumiya ta ganuwar waje. Dabarar ita ce a tokare ramin da itace, a cinna wuta, in itacen ya ci sai ginin ya zube da nauyinsa. Bango ya tsage a zahiri, aka shiga farfajiyar waje.

Fuska ta biyu kuwa ta yaudara ce, domin ganuwar ciki ba ta faɗi ba. Sai aka kai wa mutanen ciki wasiƙar jabu, wai daga shugabansu a Tarabulus ta ƙasar Lebanon ta yau, tana ba su izinin miƙa wuya. Ranar 8 ga Afrilu 1271 suka fita, Baibars ya bar su suka tafi da rayukansu, ya mai da cocin da ke ciki masallaci.