Wane tsuntsu ne zai zauna a lambun ƙaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Mayu zan je duba ɗana da ke karatu a Finiks, jihar Arizona ta Amurka. Ya ce zai kai ni lambun tsirran hamada na garin, saboda ya san ina son kallon tsuntsaye. To amma wurin da ba inuwa ba ruwa, me zan gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki je, kin ma dace da watan zuwa.

Lambun yana nan tun 1939, faɗinsa eka 140. Idan kin shiga, kada ki ɓata lokaci kina duban sama, dogayen murtsunguwar nan da ake kira sawaro za ki zuba wa ido. Sukan haura shekara 150 a raye, kuma su ne gidan haya na tsuntsayen hamadar Sonora, wato hamadar da Finiks ke cikinta. Za ki ga ramuka a jikinsu. Aikin makwakkwafi ne: ya fafe ramin, ya bar shi watanni har cikinsa ya bushe ya yi tauri, sannan ya zauna. Bayan ya tashi wasu su gaje ɗakin. Cikin magadan akwai wasu ƙananan aku koraye masu jar fuska, 'yan asalin yankin Namibiya, da suka kuɓuce daga keji suka yi ta hayayyafa a Finiks. Ni dai su na fi jin daɗin gani.

A Mayu sawaro ke fitar da fararen furanni a ƙoƙuwarsa, lokacin ne kurciyoyi masu farin fiffike ke zuwa daga Meziko, suna tsoma kai cikin furen, suna kai ƙurarsa daga wannan zuwa wancan. Ki duba ƙasa kuma: akwai wata mai kama da makwarwa, da ɗan tukku a goshi, tana jan zugar 'yan tsakinta a gindin ƙaya.

Ki isa da zarar an buɗe ƙofa, don zafin Mayu yakan kai digiri 35 ko fiye, kafin azahar duk sun lafe. Ki riƙe ruwan sha da madubin hangen nesa, ki samu benci kusa da furanni ki zauna shiru na minti 20, su da kansu za su fito.