Amsa ga mai tambaya kan haɗa zane da fasahar kwamfuta a digiri na biyu

Assalamu alaikum. Malama, tun shekaranjiya na ga tambayarki, inda kika ce kin karanta kimiyyar kwamfuta, kin gama bautar ƙasa, hannunki kuma bai rabu da zane ba tun kina firamare, kina so ki san ko za a iya haɗa su biyun a digiri na biyu a nan Zariya, ko kuwa sai an fita waje. Ni ta ɗaya ƙofar na shigo, domin zane na fara karantawa, daga baya na koyi rubuta manhaja, amma hanyar da kike shirin bi ita na bi.

Abin yana yiwuwa, sai dai ta ƙofar sashe guda za ki shiga, sannan ki jawo ɗayan fannin cikin aikinki. A Jami'ar Ahmadu Bello, Tsangayar Tsara Muhalli da ke Samaru tana da sashen zane-zane, da sashen zayyanar masana'antu inda ake koyar da aikin yumɓu da na yadi da zanen ɗab'i, ga kuma sashen tsara gine-gine. Wanda ya fito daga wani fanni daban, a yawancin jami'o'in ƙasar nan sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri kafin a ɗauke shi digiri na biyu. Hanya ta biyu ita ce ki zauna a fanninki na kwamfuta, ki zaɓi maudu'in da ya shafi zane, ki roƙi a haɗa miki da mai duba aiki na biyu daga wancan ɓangaren. Ki je sashen da ƙafarki ki tambayi sharuɗɗan bana, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta.

Kada kuma wani ya sa ki ji kamar baƙon abu kika kawo garin nan. Kwalejin da jami'ar ta gada a 1962, wato Nigerian College of Arts, Science and Technology, tana koyar da zane tare da kimiyya da fasaha, kuma a cikinta ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna masu cewa a ɗauki dabarar da aka koya daga Turawa a yi aiki da ita kan abin da aka gada a gida. Ki dubi bayan takardar naira 20, za ki ga Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin da ake kira Suleja yanzu, ta koyi sabbin dabarun gashi mai tsananin zafi da shafe mai ƙyalli, amma ba ta yar da ƙadangarun da kunamun da take zanawa jikin tulunanta ba. Wannan jami'a ta Zariya ce ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Shawarar da na fi so ki riƙe ita ce kada ki shiga saboda sha'awar na'ura kawai, ki shiga da tambayar da kike neman amsarta. Ni ban shiga da tambaya ba, hakan kuma ya ci mini kusan zango guda. Na so in adana zanen bangon tsofaffin gidajen cikin birni, waɗanda damina da siminti ke cinyewa shekara bayan shekara, ta hanyar ɗaukar hotuna masu yawa daga kusurwa daban-daban, manhaja ta haɗa su ta fitar da surar bangon da tudunsa da kwarinsa. Fitata ta farko na yi ta da rana tsaka, na shafe sa'o'i a gaban wani zaure, ashe inuwa tana tafiya tsakanin hoto da hoto, sai surar ta fito duk huji. Sai da hunturu ya shigo, hazo ya rage kaifin rana haske ya daidaita, na koma da safe ina ɗaukar kowane hoto yana maimaita kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, sannan bangon ya fito yadda yake.

Na yi murna, na kai wa wani dattijon magini da ke unguwar domin ya gani. Baba ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya ce na kwafo bango amma ban san inda hannu ya fara ba. Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya ja dagi da ɗan yatsa, yana nuna mini cewa layin in ya hau kan ɗan'uwansa a wannan mahaɗa, to a ta gaba dole ya bi ta ƙarƙashi, haka har ya koma inda ya taso. A ranar na sami tambayata: shin za a iya rubuta wannan ƙa'ida ta hawa da sauka a manhaja, har ta fitar da sabon zanen da magini zai kalla ya yarda cewa namu ne? Duk abin da ya zama kundina daga wannan tsugunon ya fito. Garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'arsa da ƙasa da azara tun ƙarni na 19, da bakan gizon da har yau masana gine-gine ke zuwa nazari, ba zai rasa irin waɗannan tambayoyi ba.

Ki kuma shirya wa alƙalai iri biyu. Ranar kare kundi, malamin zane zai tambaye ki ina hannunki da idonki a cikin aikin, tunda na'ura ce ta fitar da shi, malamin kwamfuta kuma zai tambaye ki mene ne sabo a dabarar, tunda manhajar wasu ce kika yi amfani da ita. Dukansu suna da gaskiya. Abin da ya cece ni shi ne na zaunar da masu duba aikina biyu wuri guda tun a farko, muka rubuta abin da za a auna aikin da shi, kowa ya sa hannu. Ki tambaya tun kafin ki cika fom ko digirin na rubutun bincike ne zalla, ko kuwa irin wanda ake gamawa da baje kolin ayyuka, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin a buɗe ɗaukar ɗalibai, ki tara kundin ayyukanki, guda goma masu kyau sun fi talatin na cika ido, ki haɗa da zanen farko na fensir da gwajin da bai yi ba, domin malamai sun fi son ganin yadda kike tunani. Da yake kin iya rubuta manhaja, Processing da p5.js, waɗanda ake zane da su ta hanyar rubuta umarnin kwamfuta, ba za su ba ki wuya ba, don masu zane aka yi su, kuma kyauta ne, haka ma Blender, manhajar ƙera sura mai tudu da kwari. Arduino kuma, ɗan ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni, yana da amfani in kina son aikin da ke motsi ko amsa taɓawa. Ki sani cewa Meshroom, wadda na yi amfani da ita wajen haɗa hotuna, tana buƙatar kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA kafin ta yi aiki sosai, ga kuma matsalar wuta, don haka ki riƙa ajiye aikinki wuri biyu.

A waje akwai wuraren da suka daɗe a kan wannan: Media Lab na MIT a Amurka tun 1985, shirin ITP na Jami'ar New York tun 1979, da Jami'ar Aalto ta Finlan, wadda aka samar a 2010 ta hanyar haɗe jami'ar fasaha da ta zane da ta kasuwanci. Kuɗin wasunsu yana da yawa. Tallafin Chevening na karatu a Birtaniya yana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, na TETFund kuma na malaman manyan makarantun gwamnati ne. A ganina, wanda ya je musu da aikin da ya fito daga bangon Zazzau ko askar babbar riga ya fi wanda ya je da kwaikwayon abin da suke da shi jan hankali.

Kin ce mahaifinki yana da damuwa kan zanen mai rai da kuma abin da za ki ci da karatun. Ta farko ki kai ta gaban malaman addini, amma ki gaya masa cewa zayyanar allo da ɗinki da saƙa da adon gini fage ne mai faɗi wanda babu surar mai rai a cikinsa. Ta biyu kuwa, masu injin ɗinkin kwamfuta suna neman wanda zai mayar musu da zane zuwa fayil ɗin da injin ke karantawa, ofisoshin tsara gine-gine da kamfanonin ɗab'i ma suna buƙatar irin wannan hannu, ga koyarwa. Cikin makon nan ki shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ki duba kundayen da aka rubuta a sassan nan, ki rubuta sunayen malaman da suka duba waɗanda suka yi kusa da abin da ke ranki, sannan ki je wurinsu da zanenki a hannu. Allah ya yi miki jagora.