Keken sayayya ya lalace, kunya ta hana ni canzawa

Tambaya: Anti, barka da aiki. Kwanaki na shiga babban kanti na ɗauki keken sayayya, ashe ƙafarsa ɗaya ta lalace. Sai ƙara yake yi yana karkata hagu, har na buge wata baiwar Allah a dunduniya. Kunya ta hana ni komawa in canza, haka na yi ta fama da shi ga ɗana zaune a ciki. Me ya kamata in yi? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, na tausaya miki, amma da kin koma kin canza. Ba ke kika ɓata keken ba. Ƙafafunsa na gaba an yi su ne su juya ko'ina, don haka zare, gashi ko guntun leda na naɗewa a jikinsu kaɗan ya isa ya cije su. Wani lokacin kuma ƙarfen ne ya lanƙwashe, sai ki ga ƙafa uku a ƙasa, ta huɗun tana lilo tana karkarwa. Wannan ƙarfin hannu ba ya gyara shi, kuma yawan kaya ƙara masa taurin kai yake yi.

Kunyar nan ma ba a kanki aka fara ba. Lokacin da Sylvan Goldman ya fito da keken a kantunansa na Oklahoma da ke Amurka a 1937, masu sayayya ƙin taɓa shi suka yi, sai da ya ɗauki hayar maza da mata suna turawa a cikin kanti kafin jama'a su saki jiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne yaron. Keken da ƙafarsa ke cijewa yana iya kifewa a kwana, kuma ƙasan kanti ba ya da taushi ga kan yaro. Don Allah kada ki sake. Tun daga bakin ƙofa ki tura keken taku biyar ko shida, ki juya shi dama da hagu, ki duba bel ɗin mazaunin yara ko yana kamawa. In matsalar ta bayyana bayan kin loda kaya, ki ɗauke yaron tukuna, sannan ki ce wa ma'aikaci, "Malam, wannan keken ya lalace, a taimaka mini da wani." Kada ki mayar da shi cikin layin sauran, wani zai sake ɗauka.

Tambaya: Idan keken ya kife kaya suka fashe, ni zan biya? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, kowane kanti da tsarinsa. Kada ka gusa daga wurin. Ka kira ma'aikaci nan take, ka nuna masa ƙafar da ta lalace kafin a janye keken, in an ce sai ka biya ka nemi ganin manaja cikin lalama.